Saurare na Uku

Abin da ya fara jefa ni cikin shakka shi ne da Malam ya daina faɗa da keken ɗinkina. Shekara ashirin da ɗoriya muna wannan rigimar ni da shi. Da na ɗora ƙafa a kan keken sai in ji muryarsa daga falo, "Tela, don Allah ki ɗan sassauta, aiki nake yi." Ni kuma in ce ai ni ma ba rawa nake takawa ba. Mu yi ta yi har ɗaya ya gaji ya bar wa ɗaya. To, bara sai na lura ina taka keke tun safe har rana ta take, babu wanda ya ce min kanzil. Da farko na ɗauka tsufa ne ya kawo masa haƙuri, har na ji daɗi a raina. Daga baya na gane haƙurin nan ba nasa ba ne, keken ne ya daina isa kunnensa.

Sauraren waƙa shi ne sana'ar mijina, da ita muka ci muka sha, don haka ba na raina ta, ko da yake na sha yi masa tsiya a kanta. Yana da shiri a gidan rediyo duk ranar Asabar da hantsi. A Asabar ɗin ƙarshe ta shekara yakan faɗi kundayen waƙoƙin da suka fi shiga ransa, ya ajiye na ɗaya sai can ƙarshen shiri, yana ja wa mutane rai. Mai Kunne ake ce masa. Ko kantin zare na shiga, sai in ji ana cewa ga matar Mai Kunne nan, kamar ni tawa sana'ar da ƙafa kawai ake yin ta. Mawaƙin da ya ɗaga ya ɗagu, wanda ya yi shiru a kansa kuwa sai ya yi ta bin mutane yana tambayar laifinsa.

Yana da tsarinsa na aiki wanda ko ni ban isa in taɓa ba. Kowane kundi sai ya saurare shi sau uku. Na farko a zaune, a kujerarsa mai hannu da ke tsakanin lasifikoki biyu, idonsa a rufe, kuma ba a yi masa magana ko gobara ake yi. Na biyu yana wani abu, aski ko goge takalmi. Na uku shi ne wanda ya shafe ni: sai ya kunna waƙar a falo, ya jawo ƙofa ya bar ta rabi a buɗe, ya shigo ɗakin ɗinkina ya ture tarkacen ƙyallaye ya zauna a kan benci. Ya ce duk waƙar da ba ta iya biyo mutum ɗaki na gaba ba, ba ta kai ba tukuna. Haka na yi shekaru ina shan waƙoƙin duniya ta rabin ƙofa, ba tare da wani ya tambaye ni ko ina so ba. Ni dai abin da na sani shi ne kullum sai ya zauna a kan fil ɗin da nake maƙale yadi da shi, kullum kuma laifina ne.

Bana babu abin da ya biyo shi. Zai shigo ya zauna a bencin, ya karkatar da kai wajen ƙofa, ya yi jim. Sai ya tashi ya je ya ƙara murya, ya dawo. Ya sake tashi ya ƙara. Gilashin tagata ya riƙa karkarwa, almakashi yana rawa a kan tebur, maƙwabcinmu na sama yana buga ƙasa da wani abu mai nauyi.

"Yaran bana ganga kawai suka sani," in ji shi. "Dum, dum, dum. Ina sauran kayan? Kamar an wanke waƙar an shanya."

Ni kuwa ina jin sauran kayan sarai. Akwai wani kundi mai jan bango na wata yarinya sabuwar shiga, muryarta siririya, a bayanta ana kaɗa wasu ƙananan abubuwa masu ƙara kamar cokali a bakin kofi. Ban yi niyyar son sa ba. Kawai na tsinci kaina ina rera wata waƙa daga cikinsa ina guge kwalar rigunan 'yan makaranta. Malam ya saurare shi sau ukun nan bisa ƙa'ida, ya ajiye shi a ƙasan tari ya ce fanko ne, babu komai a ciki.

Abin da ya fi ruɗa shi, ya kuma ba shi bakin musu, shi ne tsofaffin faya-fayensa. Waɗannan yana jin su tsaf, ko dai haka yake gani. Zai ɗora wanda ya sani tun yana saurayi, ya lumshe ido, yatsansa yana bin kowane kiɗa, ya ce, "Kin ji aiki? Da kunnena ne ya lalace ai da wannan ma ban ji ba." Har ni na kusa yarda. Sai wata rana ina shara tsintsiya ta fizge wayar lasifika ɗaya ban lura ba. Da ya kunna faifan, ni da ban san komai ba na ji jitar ta ɓace ɗungurungum, amma shi yana zaune yana kaɗa mata yatsa, yana murmushi a daidai inda takan yi masa daɗi. Da kansa yake jin ta. Na lallaɓa bayan ya fita na mayar da wayar, ban ce masa komai ba.

Autarmu, wadda ke aure a can ɗaya gefen gari, ta fi ni ƙarfin hali. Ta zo takanas wata ranar hutu ta ce ta samo masa ranar ganin likitan kunne.

"Na me?" ya tambaya.

"Baba, a duba ne kawai. Ko ido ma ai ana dubawa."

"Me kika ce?"

Ta maimaita da ƙarfi. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce kike magana ciki-ciki kamar mai tauna abu. Duk ku yaran yanzu haka kuke, ku da mawaƙanku. Kunnen nan da kike gani shi ya rene ki, ba yau za ki kai shi gareji ba."

Ta tafi tana share hawaye a matakala, ni kuma aka bar ni da shi. Gaskiya na gaji. Na gaji da faɗin kowace magana sau biyu. Na gaji da ɗaga murya a cikin gidana har maƙwabta suna zaton faɗa muke yi, alhali tambayarsa nake ko zai sha shayi. Na gaji da amsa laifin cewa ni ce ban iya magana ba. Abin da ya fi komai gajiyar da ni shi ne riƙe abin da na sani a ciki, ina kallon mutum yana zagin waƙar da bai ji ba.

Ana saura 'yan makonni shekara ta ƙare, muna karyawa, ya ajiye kofi ya ce ya yanke shawara.

"Bana babu na ɗaya. Zan faɗi na ƙasa, in na zo saman in ce wurin a buɗe yake, babu wanda ya cancanta. In faɗa musu gaskiya, waƙa ta mutu a hannunsu. Wani ya kamata ya faɗa."

Na ajiye burodin da ke hannuna. Na san abin da bai sani ba. Manajan gidan rediyon, wani matashi mai ladabi, ya taɓa kirana a waya yana ta kewaye-kewaye, wai yana gaishe ni ne, daga ƙarshe ya ce ko lafiyar Malam ƙalau, don sun ga yana murɗa abin sauraren kunne har ƙarshe, kuma masu kiran waya sai sun maimaita tambaya. Wato a can ma an sani, kunya ce kawai ta rufe bakinsu. Idan ya zauna gaban makirufo ya shaida wa duniya cewa bana babu waƙa, ba za a yi masa musu a fuska ba. A bayansa za a yi dariya, a ce tsohon ya kurumce yana ɗora wa yara laifi. Sunan da ya tara shekara da shekaru zai zubar da shi da bakinsa cikin hantsi ɗaya, ya kuma tafi da haƙƙin yarinya mai jan bango da ire-irenta. Wannan nake tsoro, kuma ni kaɗai ce a kusa da zan iya hana shi.

Na sha buɗe baki in faɗa. Sai in dubi yadda yake goge faifai da tsumma a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, in mayar da maganar ciki. Ta ina ake ce wa Mai Kunne ba ya ji? Na fi iya gaya wa mai kaya cewa na ɓata masa yadi.

Ana cikin haka sai ga kwali. Tsohon mai shirya shirye-shiryen rediyon da ya koya wa Malam aiki ya rasu tun farkon shekara, Allah ya jiƙansa, matarsa kuma za ta koma wajen ɗanta, ta rasa yadda za ta yi da tarin faya-fayen garmahon mijinta. Ta sa aka ɗoro su a tasi aka kawo mana. Kwalin yana warin daɗewa da maganin asu, ƙasansa duk kashin kyankyaso. Na ce a bar shi a baranda, ya ce sai dai ni in koma barandar. Ya kwashe min burushi mai laushi da nake kakkaɓe alli da shi, ya yanki guntun karammiskin wata mai kaya ba tare da ya tambaya ba, ya baje a tsakar falo yana zaro su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu ya san su, wasu bai taɓa gani ba. Ya zaro ɗaya daga cikin wata koɗaɗɗiyar rigar faifai mai hoton masu kiɗan fareti, har zai ajiye, sai ya dubi tambarin tsakiya ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Tela, zo ki gani."

Na zo da tef ɗin awo a wuya. Baƙin faifai ne kamar sauran.

"Shi ne," ya ce. "Ashe bai ɓata ba. A rigar wani faifan marigayin ya sa shi."

Labarin wannan faifan na san shi kamar yadda na san labarin haihuwar 'ya'yana, don na sha shi har ya ginshe ni. Marigayin yakan ce a duk abin da ya saurara a rayuwarsa babu kamarsa. Wai a waƙa ta biyu mawaƙin yana yin shiru, sai wata sarewa ta shigo ta ba shi amsa, kuma duk wanda ya ji wannan wurin ya gama sanin abin da ake nufi da waƙa. Faifan ya ɓace masa wajen tashi daga wani gida tun kafin su haɗu da Malam. Malam ya sha roƙonsa ko da fito ne ya yi masa ya ji yadda take, shi kuwa ya ce wannan ba a kwaikwayonta da baki. Mijina ya neme shi a shagunan tsofaffin kaya, ya aika wa mutane saƙo, ya haƙura. Ga shi yau a hannunsa, bayan mai shi ya yi ta kewarsa alhali yana cikin ɗakinsa.

Bai kunna nan take ba. Sai da ya yi wanka da yammacin nan, ya canza riga, kamar wanda zai tari baƙo. Ya leƙo ɗakina.

"Ki tsayar da keken nan."

Rabon da in ji wannan umarnin an fi shekara, kuma keken ma a tsaye yake, kalmasa nake yi da hannu. Na ce to. Ga rigunan makaranta jibge a gabana, masu su za su zo da safe, ga bayana yana ciwo. Ban tashi na bi shi ba. Ya bar ƙofar rabi a buɗe don sabo.

Da farko ƙara ce kawai irin ta mai a kasko. Sai ganga a hankali, sai jita, sai muryar wani dattijo mai ɗan kaushi. Waƙar farko ta wuce ina ɗinkina, ban ji wani abin a zo a gani ba, har ina cewa a raina yau dai za a huta da labarin nan. Ta biyu ta fara. Dattijon ya yi baiti biyu ko uku, ya ja numfashi, ya yi shiru.

Sai sarewar ta shigo. Siririya ce ƙwarai, can sama, kamar daga wani gida ake busa ta. Ba ta yi sauri ba. Ta ɗauki abin da dattijon ya faɗa ta maimaita masa, sannan ta wuce inda muryarsa ba za ta kai ba. Allurar da ke hannuna ta tsaya a cikin yadi. Ni ba ma'abociyar waƙa ba ce, shekarun nan duka wucewa take yi ta gefen kunnena ina lissafin faɗin kafaɗa da tsawon hannu. Amma wannan ta same ni. Ta tuna min da yayata mai rasuwa, ban san ta wace hanya ba, tunda ita ko tafi ba ta iya ba. Na ji hawaye yana sauka a kan rigar ɗan mutane, ban ma matsar da ita ba.

A tsakiyar wannan sai na ji ƙiii, komai ya ɗauke. Ya ɗage allurar garmahon.

"Kai," na ji yana cewa. "Sake bugawa aka yi. Sun cire ta. Wurin ma a buɗe suka bar shi, ganga kawai."

Duk ƙarfin halin da na yi wata da watanni ina nema ban samu ba, haushi ya ba ni shi a take. Ban yi tunanin sunansa ko shirinsa ba. An katse min abu ne a tsakiya, shi ke nan. Na tashi da rigar a hannu na tura ƙofar.

"Malam, mayar da ita. Ka yanke ta ba ta gama ba."

"Na yanke wa?"

"Sarewar."

Ya dube ni. Na faɗa da ƙarfi yadda ba zai ce bai ji ba, kuma na ga ya ji.

"Wace sarewa?"

"Wadda kake jira. Tun da mutumin ya yi shiru ta shigo. Tana cikin yi ka ɗage."

"Ke kin san sarewa ne?"

"Ban san ta ba, amma ga ta nan ta sa ni kuka."

Ya kalli fuskata, ya kalli jiƙaƙƙen wurin da ke jikin rigar.  Ya mayar da allurar baya kaɗan. Ya durƙusa a gaban lasifika, shi da gwiwarsa ke ba shi wahala, ya manna kunnen dama. Dattijon ya ja numfashi ya yi shiru. Ta sake shigowa.

"Yanzu?" ya tambaya.

"Tana yi."

Ya juya ya manna na hagu.

"Yanzu fa?"

"Har yanzu tana yi."

Ya daɗe a durƙushe. Waƙar ta ƙare, ta uku ta fara, bai motsa ba. Sai da na kama hannunsa ya miƙe ya zauna a kujera. Na kashe garmahon da kaina, karo na farko da na taɓa shi tun da aka kawo shi gidan.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka daina faɗa da kekena."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Su wa kuma?"

"Auta. Manajanku. Mutumin sama ma ina jin ya gane."

"Wato kowa da kowa." Ya shafa kansa. "Kika bar ni ina ta zagin yaran mutane."

"Na bar ka. Tsoron ranar nan nake yi."

Na so in tambaye shi maganar shirin, na ga ba lokacinta ba ne. Na koma ɗakina na ƙarasa kalmasar, ina jin shirun da ke falo ta rabin ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya bai kunna komai ba. Shekaru ina roƙon Allah ya kawo min ranar da gidan nan zai yi tsit in ji da ɗinkina, da ta zo sai na rasa inda zan sa kaina. Yakan zauna a kujerarsa da jarida, ba ya juya shafi. Faya-fayen marigayin ya mayar da su kwali, kowanne a rigarsa, ban da wancan da ya bari a kan garmaho ya rufe da karammiskin. Ban san abin da zai faɗa ranar Asabar ba, kuma da na gwada tambaya sai ya ce yana tunani. Malam mutum ne da in ya kafe a kan magana, ko ya ga rami sai ya taka.

Ana gobe shirin ya shigo ya zauna a bencin, ya cire fil daga ƙarƙashinsa ya ajiye min a tebur ba tare da ƙorafi ba.

"Wannan da kike rerawa wajen guga. Ina ganin bakinki yana motsi. Na wane kundi ne?"

"Mai jan bango."

"Wanda na ce fanko ne."

"Shi."

"Me ke cikinsa?"

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce muryarta siririya ce amma ba ta rawa, akwai ƙananan abubuwa a bayanta masu ƙara kamar cokali da kofi, kuma waƙa ta huɗu in ta kama mutum ba ta sakinsa har ya kwanta. Ya saurara yana kallon bakina.

"Ban taɓa zaɓar abin da ban ji ba," ya ce. "Ba zan fara yanzu ba."

Ya tashi ya fita. Ban san ko hakan yana nufin zai bar wurin a buɗe kamar yadda ya ce ba.

Da safe na guge masa rigarsa mai ruwan toka. Ya tafi da wuri. Na jawo ƙaramar rediyon da ke saman kabad na kakkaɓe ƙura, na ɗora ta kusa da keke. Rabona da sauraren shirinsa na manta, tunda duk abin da zai sa na riga na sha shi a gida sau uku. Na zauna hannuna babu aiki.

Ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, muryar nan tasa tana nan daram. Sai ya ce bana shirin zai bambanta.

"Na yi niyyar in zo yau in ce muku bana babu waƙa," ya ce. "Da na faɗa da na yi ƙarya. Waƙa tana nan. Kunnena ne ya ragu, ya daɗe yana raguwa, ni ne na ƙarshen sani. Duk wanda na yi wa shiru bana ko bara, ya yafe min, wataƙila aikinsa ban ji ba. Ba zan jera muku na ɗaya da na biyu ba, don ba ni da abin aunawa."

Ya gyara murya, ya ci gaba.

"Akwai kundi ɗaya mai jan bango. Wata mai ɗinki da na yarda da ita ta ce ya bi ta har ɗaki na gaba. Ni ban ji shi ba. Zan sa muku shi daga farko har ƙarshe, ku ji min. Daga mako mai zuwa kuma wata muryar za ku riƙa ji a wannan lokaci."

Muryar yarinyar ta fito daga 'yar rediyon. Wayata ta fara ƙara, Auta ce, ban ɗauka ba. Na ji sanyi a raina cewa bai zubar da kansa ba, na kuma ji kamar an sauke min kaya an ɗora min wani. Mutumin da ya fita da safe yana da wurin zuwa duk Asabar, wanda zai dawo ba shi da shi, kuma bakina ne ya jawo.

Ya dawo bayan azahar da leda a hannu. A ciki akwai abin sauraren kunnensa da kofin shayin da ya daɗe yana ajiyewa a ofis. Ya ajiye ledar a bakin ƙofa, ya cire takalmi a hankali. Na kawo abinci ya ce sai an jima.

"Ki ce wa Auta ta sake karɓo ranar likitan," ya ce. "Na san ba zai dawo min da sarewar ba. Ko maganarki dai na riƙa ji sau ɗaya."

"To."

Ya yaye karammiskin daga kan garmaho. Sannan ya nuna min kujerarsa mai hannu, wadda ko 'ya'yansa ba su taɓa zama a kai ba.

"Zauna nan."

"Ina da ɗinki, Malam."

"Ɗinkin zai jira. Zauna."

Na zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ni ba ta karɓe ni ba. Ya jawo bencin ɗakina ya ajiye a gabana, ya ɗora allurar a farkon waƙa ta biyu, ya zauna yana fuskantata.

"In ta shigo ki ɗaga hannu. In ta hau ki ƙara ɗagawa, in ta sauko ki sauko da shi. In ta tsaya ki ajiye."

Dattijon ya yi baitocinsa. Malam yana gyaɗa kai, wannan yana jin sa. Sai ya ja numfashi ya yi shiru, ta shigo, na ɗaga hannu. Idon Malam ya bar garmahon ya koma kan yatsuna. Ta hau, na hau da ita. Ta ɗan sauko, ta sake hawa. Leɓensa yana motsi kaɗan, yana ƙoƙarin haɗa abin da yake gani da gangar da yake ji.

Ban san sarewar tana da tsawo haka ba, don karon farko an yanke min ita, a karo na biyu kuma hankalina yana kan mutumin da ke durƙushe. Kafaɗata, wadda ta kwana biyu tana ciwo saboda yanka, ta fara zafi. Hannun ya soma rawa. Na tallafe gwiwar hannun da ɗayan.

"Har yanzu?" ya tambaya a hankali.

"Har yanzu," na ce, ban sauke ba.